Kwandon da Saje Sammani Ya Mayar

Kafin a sallami Saje Sammani daga aikin soja, sai da aka kai shi Legas wata shida, wai a koya masa noma. Shi da aka haifa a Tsamiyar Gwani, wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, inda yaro kan iya riƙe fartanya kafin ya iya ɗaure wando. Ya zauna a aji da littafi da biro, wani matashi mai tabarau yana zana masa tumatir a jikin allo. Bai yi musu ba, domin shekara ashirin da biyu ta koya masa cewa in an ce zauna, zama ake yi. Amma da malamin ya juya baya, sai hankalinsa ya tashi ya tafi gida, ya sauka a kan eka biyu da rabi da mahaifinsa ya bar masa a bakin kanal.

Kada ka ji eka biyu da rabi ka raina. A ƙasar ban-ruwa ba faɗin gona ake fara tambaya ba, inda take ake tambaya. Ruwan da ke gangarowa daga madatsar ruwa ta Tiga yakan bi babban kanal ya rarrabu a ƙanana, kuma wanda ke kusa da ƙofar ruwa shi ke fara sha ya ƙoshi. Na can ƙarshen layi sai ya jira ragowa, in ma ciyawar kacalla ba ta toshe hanya ba. To, gonar Sammani ita ce ta biyu daga ƙofa. Alkama ko tumatir da rani, masara kafin ruwan sama ya sauka, shinkafa da damina. Ita ya tanadar wa tsufansa, ita kuma yake so ya bar wa ɗansa.

Ya shiga soja ne a shekarar da tumatir ya yi kwantai a kasuwar Kwanar Gafan, har manoma suka riƙa juye shi a bakin titi suna komawa gida da kwanduna wayam. Mahaifinsu bai daɗe da rasuwa ba, an raba gado. Sammani ya sami gonar kanal, ƙaninsa Ɗanbaba ya sami ta tudu, mai faɗi amma sai da damina ake taɓa ta. Zuciyar ƙuruciya ta ɗebi Sammani, ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa yana roƙon dillalai su sayi guminsa ba. Ya tafi Zariya aka aske masa kai ƙwal. Ya bar matarsa Indo da ɗansu na fari, Nasiru, yana rarrafe. Gonar kuwa ya kira Ɗanbaba gaban mahaifiyarsu, Inna Ummukulsum, ya ce ga ta nan aro, ya noma ya ci, ya kula da gida, har ranar da Allah zai dawo da shi.

Mutanen Tsamiyar Gwani suna da wata al'ada game da aron gona, kuma ba su wasa da ita. Duk wanda aka ara wa gona, in ya yi girbin farko na shekara, zai cika kwando guda ya ɗora a ka, ya bi ta tsakiyar gari da rana tsaka, ya kai gidan mai gonar. Ba don abin da ke cikin kwandon ba, sau da yawa ma tumatir ne da ba zai sayi sabulu ba. Don idon jama'a ake yi. Babu takarda, babu sa hannu, kwandon nan shi ne shaidar. Muddin yana zuwa ana karɓa, kowa ya san gona tana da mai ita. In kuwa mai gona ya mayar da kwando ya ce a daina kawowa, to a wurin mutanen garin ya ce na bar maka ke nan.

Sammani ya san wannan sarai, a cikinta ya girma. Sai dai a ganinsa al'ada ce ta bare da bare, ba ta 'yan ɗaki ɗaya ba. Shekarar farko Indo ce ta karɓi kwandon. A ta biyu ya zo hutu, sanye da kakin da ya ƙi cirewa har kwana uku don 'yan garin su gani da kyau. Yana zaune a ƙofar gida sai ga Ɗanbaba ya taho da kwando a ka, gumi yana bin wuyansa. Kunya ta kama Sammani, da wani ɗan jin kai a ƙarƙashinta. Shi mai cin albashin gwamnati, a ce ƙaninsa yana ɗauko masa kaya kamar ɗan ƙodago?

Inna Ummukulsum ta leƙo daga zaure ta ce masa, "Ɗauki ko ƙwaya ɗaya ce ka sa a bakinka."

Ya yi dariya ya ce, "Inna, ni da Ɗanbaba ciki ɗaya muka fito. Kwando ai na baƙi ne."

Da ma a nan ya tsaya. Amma ina, sai da ya saɓa kwandon a kafaɗa, da kakinsa da takalminsa mai ƙara, ya bi ta gaban masallaci, ya ratsa majalisar dattawa, ya dire shi a ƙofar ɗakin ƙaninsa. Ya kuma ɗaga murya irin ta sabon soja ya ce daga yau kada a ƙara kawo masa komai. Ranar ya kwana yana jin ya yi zumuncin da za a daɗe ana labari. An kuwa daɗe ana labarin, sai dai ba yadda ya zata ba.

Daga nan aiki ya tafi da shi. Ya yi Darfur, ya dawo, ya ɗan zauna a bariki a Jos, sannan aka tura shi Borno, inda ya yi shekarun da shi kansa ba ya son ƙidayawa. A can wata nakiya ta tashi kusa da motarsu, ta toshe masa kunnen hagu har abada, ta bar masa ƙarfe a cinya wanda ke sanar da shi in hadari ya haɗo. A can ya binne abokan da suka ci tuwo a kwano ɗaya da safe. A can kuma aka gaya masa rasuwar Inna, mako biyu bayan an rufe ta. Indo da yara suna gida duk tsawon lokacin, domin bai yarda ya kai su inda ake harbi ba. Abin da ya riƙa faranta masa rai a ramin tsaro shi ne zancen gona. Ya ishi 'yan uwansa sojoji da labarin ƙofar ruwa da irin alkamar da zai shuka, har suka laƙaba masa suna Mai Eka Biyu. Wasu suna mafarkin gida a Abuja, wasu motar haya, shi kuwa laka yake mafarki, mai sanyi, tana shiga tsakanin yatsun ƙafarsa.

Ranar da ya dawo gaba ɗaya, da akwatin ƙarfe da takardar sallama, an karɓe shi kamar ango. Ɗanbaba, wanda yanzu Alhaji Ɗanbaba ne, mai shagon taki a Kura da gidan bulo mai fenti, ya yanka rago. Nasiru ya zama cikakken mutum mai gemu, har an ɗaura masa aure da Saliha, 'yar Ɗanbaba, kuma shi ke tsaya wa baffansa a kan ma'aikatan gona. Sammani ya dubi ɗan nan nasa ya ji daɗi ya cika shi, ya kuma ji wani ɗan ɗaci, domin bai san lokacin da muryar yaron ta buɗe ba.

Bayan mako guda ya tayar da zancen gona. Ɗanbaba ya ce ai Yaya ya huta tukuna, kuma alkama tana ciki, a bari a yanke. Aka yanke alkama, sai ga masara. Aka karya masara, sai aka wayi gari an yi dashen shinkafa. Sammani ya saba da jiran umarni, don haka ya jira. Ya sayi fartanya da shebur da tiyon jan ruwa, ya jingine su a bayan ƙofa, yana goge su kamar yadda ya saba goge bindiga.

Zaman gida kuwa ya fi masa daji wuya, kuma wannan ba wanda ya gaya masa a Legas. In an ce taro ƙarfe huɗu, shi kaɗai za ka gani a wurin ƙarfe huɗu saura, yana duba agogo yana huci. A majalisa ba ya zama sai ya jingina da bango yana kallon hanya. In an yi masa magana ta hagu ba ya ji, sai a ce girman kai ne. In ya yi magana kuma murya ta fi ƙarfin wurin, sai a ce faɗa yake yi. Samari a teburin mai shayi ba su da tambayar da ta wuce mutum nawa ya kashe. Hirar gari ta farashin taki da rikicin rabon ruwa ta wuce shi da shekara ashirin, tasa hirar kuma ba mai son ji ana cin abinci. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in ji masu magana, amma shi yana ganin ai ba yawon banza ya tafi ba.

Sai ga abin da ya faru a lokacin kaka. Yana tafe a kan gaɓar kanal da hantsi, yana kallon gonarsa daga nesa kamar yadda ya saba, mata suna sheƙar shinkafa a gefe. Tayar wata motar ɗaukar buhuna ta fashe. Kafin ƙarar ta gama sauka Sammani ya daka tsawa ya ce kowa ya kwanta, ya rungumo wata tsohuwa da ke kusa da shi ya kifa da ita cikin laka, ya rufe ta da jikinsa. A inda ya fito, wannan shi ake kira jarumtaka, ana ma ba da lambar yabo a kai. A Tsamiyar Gwani kuwa tsohuwa ta tashi da targaɗe a hannu tana salati, mata suka watse. Ya ba da haƙuri, ya kai ta wurin mai ɗori da kansa. Amma kafin la'asar labari ya zaga gari cewa Saje ya taɓu, yaƙi ya juya masa kai, har ya fara danne mata a gona.

Bayan wannan da kwana kaɗan aka gama kwashe shinkafa, gona ta zama fili. Sammani ya ce yau kam ba sauran uzuri. Ya sami ƙaninsa a shago, ya jira masu sayen taki suka ragu, ya ce ya zo a kan maganar gona, yana so ya sa alkama bana.

Ɗanbaba ya ci gaba da ɗaure bakin wani buhu, bai ɗago ba. Ya ce, "Yaya, wace gona kake nufi?"

"Gonar kanal."

"Ai wannan ka ba ni ita tun Nasiru yana goye. Gari duka shaida ne."

Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ne ya fi ƙona Sammani. Da a ce cikin fushi ya faɗa, da sai a ce sharrin zuciya ne. Amma maganar ta fito sumul, alamar an daɗe da shirya ta ana jiran ranarta. Sammani ya tuna ragon da aka yanka masa. Ya juya ya fita ba tare da sallama ba, ya nufi gidan dagaci ya kai ƙara.

Ranar zama ya sa farar shaddarsa da ya goge da kansa har tana iya yanka hannu. Ya riƙo wani fayil cike da takardu: ta ɗaukar aiki, ta ƙarin girma, ta yabo daga Darfur, ta asibiti, ta sallama. Babu ɗaya a cikinsu da ta ambaci gona, amma su kaɗai ne shaidar da ya mallaka cewa shi mutum ne mai gaskiya. Ya cire takalmi ya shiga zauren dagaci, ya zauna a miƙe kamar an sa masa sanda a baya.

Ya faɗi nasa a taƙaice, yadda ake ba da rahoto. Gado ne, aro ya bayar, gaban mahaifiyarsu. Mahaifiyar kuwa tana kabari. Ɗanbaba ya faɗi nasa a natse, kuma don Allah ba duka ne ƙarya ba. Ya ce shi ya yashe kanal shekara ashirin, shi ya yi faɗa da kacalla, shi ya daidaita ƙasar, sunansa ne a rajistar ƙungiyar masu ban-ruwa. Ya ce akwai lokacin da aka yi wata bakwai ba a ji ɗuriyar Yaya ba, kuma ba wanda ya kwana da yunwa a ɗakin Indo. Sannan ya zo kan kwando. Dattawa uku suka tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce da idonsa ya gani, da rana tsaka, da kaki, ta gaban masallaci. Ɗaya ma ya kwaikwayi muryar da Sammani ya yi magana da ita, wasu suka yi murmushi.

Sammani ya ce shi zumunci ya yi, ba kyauta ba. Dagaci, tsoho mai sanyin baki, ya ce abin da ke cikin zuciya Allah kaɗai ya sani, su mutane abin da ido ya gani suke riƙewa. Amma ya tambaye shi ko yana da wanda zai shaida cewa bayan ranar kwandon, shi Sammani ya ci gaba da kiran gonar tasa.

Nan Sammani ya ji ƙarfi ya dawo masa. Yana da shaida, kuma jininsa ne. Sau nawa yana hawa kan tudu a daji don neman sabis, ya kira gida, ya ce a ba yaron waya, ya tambaye shi yaya gonarmu? Sau nawa yake ce masa ka lura da yadda ake komai, in na dawo ni da kai za mu riƙe ta? Ya nuna bakin ƙofa inda Nasiru ke durƙushe cikin jama'a, ya ce a tambayi wancan.

Nasiru ya matso ya durƙusa a hagun mahaifinsa, kansa a ƙasa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai tun da na yi wayo, gonar Baffa na san ta."

Dagaci ya ce, "Mahaifinka bai taɓa ce maka tasa ba ce?"

Nasiru ya yi magana ƙasa-ƙasa. Zauren ya yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai, Sammani kaɗai ke waige-waige, domin ta kunnen da ya mutu aka yi maganar. Ya ce, "Me ya ce?" Ba wanda ya amsa. Ya sake tambaya, da muryarsa ta bariki. Sai wani bafaden dagaci ya matso ta damansa, ya maimaita masa da ƙarfi, dalla-dalla, yadda ake yi wa kurma:

"Ya ce kakan faɗa a waya. Amma ya ce ba ka da cikakkiyar lafiya, wani lokacin kakan faɗi abu alhali ba haka yake ba."

Mutane sun zaci zai tashi ya yi ɓarna, har wasu suka fara matsawa bakin ƙofa. Bai motsa ba. Ya dubi ƙeyar ɗansa, ya ga ita ce dai irin ta mahaifinsa marigayi. An harbe shi, an tashe shi da nakiya, ya ɗauki gawar aboki a kafaɗa, amma bai taɓa jin abin da ya tsaga shi kamar wannan ba. Abokin gaba ai an san shi abokin gaba ne. Naka shi ke ba da kai, kuma shi da bakinsa ya ce a tambaye shi. Dagaci ya yanke cewa gona ta Ɗanbaba ce bisa al'ada, ya yi nasiha a kan zumunci, aka shafa fatiha. Sammani ya tattara fayil ɗinsa, ya sa takalmi, ya tafi gida a ƙafa.

Indo ba ta tambaye shi yadda aka yi ba, kuma daga nan ya gane ta riga ta sani. Ta ajiye masa ruwa ta zauna nesa kaɗan. Can ta ce, "Malam, yaron nan a hannunsa ya tashi. 'Yarsa yake aure, a gonarsa yake ci. Ina kake so ya sa kansa?" Ya so ya ce mata ya sa kansa inda gaskiya take. Ya so ya tambaye ta tun yaushe gidan nan duka ya san abin da shi kaɗai bai sani ba. Sai ya sha ruwan ya mayar mata da kofin.

Kwana arba'in bai je majalisa ba. Masallaci kawai, ya dawo. A cikin wannan hali ne ya shiga Kura sayen maganin ciwon cinya, ya yi kiciɓis da Hananiya, wani tsohon kofur ɗan wajen Zonkwa da suka taɓa zama bataliya ɗaya. Hananiya ya bar aiki tun da daɗewa, ya zauna a Kura da iyalinsa, shi ne shugaban masu gadi a wani kamfanin casar shinkafa. Ya ƙame ya sara masa a tsakiyar titi, ya kira shi Mai Eka Biyu. Rabon Sammani da wani ya sara masa tun ranar sallama, sai da ya kau da kai ya goge ido.

Suka zauna a benci, Sammani ya kwashe labari ya gaya masa. Hananiya ya fusata fiye da mai abin. Ya ce wannan ai zalunci ne tsagwaronsa, kwando ba doka ba ne, a tafi kotu, shi ya san lauya. Sammani ya ce ya yi wannan tunanin har ya gaji. In aka je gaban alƙali, shaidun nan dai za a kira, kuma a ƙarshe za a kira yaron. A zauren dagaci magana ce kawai, amma a kotu rantsuwa ce.

Ya ce, "Kofur, ko dai ya faɗi gaskiya aurensa ya mutu, ko ya dafa Alƙur'ani a kan ƙarya. Ba zan kai ɗana ga ko ɗaya ba."

Hananiya ya ce akwai gurbin maigadi ɗaya na rana, in Oga ba zai ji an raina shi ba. Sammani ya ce raini kuma na nawa.

Haka Saje Sammani ya koma sa kaki, wannan karon ruwan toka, mai sunan kamfani a aljihu. Kullum da sassafe yakan hau tsohon kekensa zuwa Kura, ta doguwar hanya, don gajeriyar ta bakin kanal take bi. Aikin ba wuya: a tambayi mota daga ina, a buɗe ƙofa, a rufe, a share harabar. Bai taɓa makara ba, bai taɓa gyangyaɗi a bakin aiki ba, kuma manajan yana yabonsa a gaban baƙi, yana cewa ai tsohon soja daban ne. A gida suna gaisawa da Ɗanbaba a masallaci. Nasiru yakan zo gaisuwa ranar Juma'a, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ce ina wuni Baba, a ce lafiya, ya tashi. Da Saliha ta haihu Sammani ya je suna, ya yi addu'a, ya dawo kafin a raba goro.

Kaka ta zagayo. Motoci suka yi layi a ƙofar kamfani ɗauke da shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba. Wata Talata da hantsi wata motar kanta ta tsaya, an lafta mata buhuna har tana rangaji. Direban, wani saurayi da ba ɗan yankin ba, ya danna hon ya leƙo ya ce, "Baba maigadi, a buɗe mana."

Sammani ya matso ya yi tambayar da yake yi wa kowa, daga ina. Wanda ke zaune kusa da direban ne ya amsa, yana kallon gilashin gaba. Ya ce daga Tsamiyar Gwani, kayan Alhaji Ɗanbaba, gonar bakin kanal. Nasiru ne.

Sammani ya ɗaga kai ya dubi buhunan. Gona ta yi kyau bana, babu shakka. Ya daɗe yana kallo, har direban ya ƙosa, ya juya ya tambayi na kusa da shi, "Wannan tsohon ya kafe mu da ido. Ka san shi ne?"

Nasiru ya ce, "Ɗan garinmu ne."

Sammani ya ja ƙofar dama ya tokare ta da dutse, ya ja ta hagu, ya koma gefe ya tsaya har motar ta shige. Buhu ɗaya daga baya ya huje, shanshera ta zuba ta yi layi tun daga bakin titi har cikin haraba. Wata motar tana hon a waje, manaja kuma ba ya son ganin datti a ƙofa. Ya rufe, ya shiga ɗakin gadi ya ɗauko tsintsiya, ya sunkuya ya fara shara.